Motar Hayar Inna

Zainab, ke kika jawo wannan babin, don haka ke za ki fara karanta shi kafin ki miƙa wa 'yan'uwanki. Ranar da kika dawo daga bikin nan na Farin Dutse fuska a murtuke, kika ce wata tsohuwa ta riƙe miki hannu ta ce ashe ke 'yar mai motar haya ce, kika tsare ni da tambaya ko na taɓa yin haya ina ɓoye muku, dariya kawai na yi na ce ki kawo mini ruwa. Ba raina tambayarki na yi ba. Labarin ba na tsaye ba ne, kuma akwai inda in na zo a cikinsa muryata ba ta fita. Gara in rubuta. Tsohuwar nan ba ƙarya ta yi miki ba, amma abin da kika ɗauka ba shi ba ne.

A shekarun farko bayan an yanke Jigawa daga Kano, kamfanin da nake wa aiki, mai sayen gyaɗa da riɗi da sayar da taki, ya buɗe ofis a Birnin Kudu. Aka ɗauko ni daga Kano aka damƙa mini shi, tunda ni ɗan yankin ne, na san manoma sun san ni. Wata tsohuwar akori-kura muka gada, ita ce ta ɗaukar kaya, ita ce ta manaja, rabin wata tana hanya rabin wata tana gareji. Ana nan sai ga takarda daga Kano: kamfani ya daina sayen motoci, zai ɗauko wa kowane manajan shiyya sabuwar jif haya daga wurin wani dilan motoci, ta shekara huɗu. Kai za ka gwada ka zaɓa da kanka. In ka sa hannu babu canji sai wa'adi ya cika, ba ka da ikon ƙara mata ko ƙusa, ranar da wa'adi ya cika kuma ka mayar wa masu ita. Sau uku na karanta takardar nan. Ni da ban taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba! Kuma bari in faɗa muku abin da mahaifiyarku za ta faɗa ko ban faɗa ba: a lokacin ina da son a sani, ina da saurin fushi, kuma ba na son ƙaramin ma'aikaci ya gyara mini magana.

Amma ba girman kai kaɗai ya sa na yi murna ba. Akwai Inna. Ku manyan kun tashi kun gan ta tana wasa da ku, tana ɓoye muku ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin filo, sai kuka ɗauka haka take da kowa. Ni ɗan farinta ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. A ɗakin kakata na girma. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, mutumin Kano take ce mini ko bayan na bar Kanon. In na je gaishe ta na durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon bango, in kuwa tana da saƙo gare ni sai ta faɗa wa duk wanda ke kusa, ko da jaririn da ke bayan maƙwabciya ne. A wannan shekarar hawan jini ya sa ta gaba, ƙafafunta suna kumbura, likita a Birnin Kudu ya ce lallai ya riƙa ganinta duk wata. Ta je sau uku a motar kasuwa. A na ukun, wajen saukowa a tashar Gwaram, ƙafarta ta goce ta faɗi a gaban mutane, maza biyu suka ɗaga ta, kamar buhun dawa in ji ta. Daga ranar ta ce ita da mota sai dai in gawarta za a ɗauka. Wata biyar ba ta ga likita ba, shi kuma ya ce ba zai ci gaba da rubuta magani ga wadda bai auna ba. Don haka da na ga takardar jif sai na ce alhamdulillahi, matsalar Inna ta ƙare. Ban san ban ma fahimci matsalar ba.

Wanda ya fahimta shi ne Malam Habu, direban ofis. Mutumin Gwaram ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Maiduguri kafin bayansa ya ce ya isa. Siriri ne, ba ya gaggawa, ba ya dogon zance, kuma duk safiya sai ya zaga mota yana ƙwanƙwasa tayoyi da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai sau ɗaya, kuma za ku ji inda ya ɗaga ta.

Ranar gwaji tsakiyar marka ce, an kwana ana ruwa. Wakilin dilan, wani Alhaji Nasiru ɗan Kano mai zaƙin baki, ya iso ƙofar ofis da motoci biyu. Ɗaya baƙa ce, doguwa, ƙatuwa, tana sheƙi har kana ganin hularka a jikinta. Ɗayar ruwan toka ce, gajera, kujerun yadi, kai ka ce ƙanwar waccan ce da ba a ba ta isasshen abinci ba. Ko kallo na biyu ban yi mata ba. Na hau baƙar, hawa na ce, don hawa ake yi, na zauna a kujerar fata, ƙanshin sabuwar leda ya buge ni, Alhaji Nasiru ya kunna iyakwandishan. Kai! Na ɗauki hanyar Kano, na ɗan taka totur, ban ankara ba bishiyoyi suka fara gudu baya, ita kuwa ko girgiza babu. Masu babur sai ɗaga kai suke su gan ni. Da muka dawo cikin gari sau biyu na bi ta gaban kasuwa ba tare da ina da abin saye ba, har na sauke gilashi don kada a yi zaton wani ne. Ƙaramar ma na ɗan ja ta zuwa bakin gari don kada a ce ban gwada ba. Ba laifi, tana tafiya, sitiyarinta da laushi, amma ba wanda ya waiwayo.

Alhaji Nasiru ya shimfiɗa takarda a kan bonet ɗin baƙar ya miƙo mini biro.

"Yallaɓai, wannan ai da kai aka auna ta. Sauran manajojin duk ita suka ɗauka."

Duk wannan lokacin Malam Habu yana can yana wani abu da na ɗauka sanabe ne na tsofaffin direbobi. Bai buɗe inji ba, bai duba taya ba. Ƙofar baya ya buɗe, ya tsuguna, ya auna daga ƙasa zuwa inda ake sa ƙafa da taƙin hannunsa, ya je ya yi wa ɗayar haka. Sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Manaja, ba a gama gwaji ba."

"Me ya rage?"

"Kwalta muka gwada, ba mota ba. Mu je gida da su duka biyun."

In ya ce gida, Farin Dutse yake nufi. Alhaji Nasiru ya fara ƙorafin laka da nisa, ni kuwa nan take na goyi bayan Malam Habu, ba don na gane nufinsa ba, sai don na hango kaina ina saukowa daga baƙar nan a ƙofar gidanmu mutane suna kallo. Na ja baƙar, wakilin yana gefena, Malam Habu ya biyo mu a ƙaramar. Muka wuce Gwaram, muka sauka daga kwalta, gero ya rufe hanya dama da hagu, laka kuwa sai wanda ya gani. Akwai wani rafi da ke cika in an yi ruwa. Alhaji Nasiru ya nuna mini giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja gaba ɗaya, na sa, baƙar nan ta ratsa ruwan kamar ba ta san yana nan ba. Muka tsaya a tsallake muna kallon Malam Habu. Sai da ya fito ya naɗe wando, ya shiga ruwan da kara yana soka ƙasa, ya zaɓi inda zai bi, sannan ya shigo a karkace a hankali, cikin motar yana gogar yashi. Da ya haye na leƙo ina dariya.

"Malam Habu, ka gani ko?"

"Na gani, Manaja."

Mun isa an idar da azahar, dattawa suna kan dakali. Kafin in kashe mota unguwa ta cika. Na faka baƙar daidai ƙofar gida, na sauko a hankali ina gyara babbar riga, ana ta masha Allah ana miƙo mini hannu, kaina ya yi girman da hular ta kusa kasa riƙe shi. Malam Habu ya wuce cikin zaure ya yi sallama, na bi shi na tsaya a gefe. Inna ta zo ta tsaya bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, suka gaisa, ya tambayi ƙafa, ta ce da sauƙi, alhali ba sauƙin.

"Inna, mota muka kawo gwaji, mun ce sai kin sa mata albarka. Ki fito mu zaga da ke ko bakin gari ne."

"Motar wa?"

Na buɗe baki zan ce tawa ce, sai ta riga ni, kuma ba da ni take ba.

"In ta mutumin Kano ce, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Amma ni ba na shiga. In harɗe a motar ɗan fari ana zagawa da ni gari? A ce me ya same ni da tsufana?"

A nan ne Malam Habu ya ɗaga murya, yadda duk wanda ke waje sai ya ji.

"A'a, Inna, ina shi ina wannan mota? Ai ta haya ce!"

"Ta haya?"

"Wallahi ta haya ce. Kamfaninmu ne ya ɗauko ta haya."

To ku lura da kyau, don nan ne duk labarin yake. A takardar ofis haya na nufin aron shekara huɗu daga dila, kuma rantsuwar Malam Habu ba ta da kaffara. Amma a Farin Dutse motar haya abu ɗaya ce: wadda ke lodi a tasha, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran fasinja. Ina tsaye na ji wani daga kan dakali ya ce, ash-sha, ashe haya ya koma, duk bokon nan. Wani ya ce ai sana'a ce, Allah ya sa albarka. Ni manajan shiyya guda! Na yunƙura zan fita in gyara zancen, Malam Habu ya juyo ya dube ni. Bai ko ɗaga gira ba, amma kallon nan ya yi mini kwarjinin da na haɗiye maganata. Sai muka ji motsin sanda. Inna ce ta fito, ta lulluɓe da mayafinta na unguwa. Motar ɗanta ba ta shiguwa, amma motar haya ta kowa ce.

Ranar na fara ganin ƙafafunta a hasken rana bayan watanni. Sun kumbura sun yi sumul, an yanke igiyar silifas ɗin an ɗaure da tsumma don su shiga. Na ruga na buɗe mata ƙofar bayan baƙar, tunda ita ce a bakin ƙofa, kuma har zuciyata ita nake so ta shiga. Ta jingine sanda, ta kama ƙofa da hannu ɗaya, kujera da ɗayan, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ba ta kai ba. Ta huta, ta sake. A karo na uku yatsunta suka taɓa bakin, suka zame, ta yi taga-taga. Ban san lokacin da na miƙa hannu zan tare ta ba. Ta janye gwiwar hannunta kamar wuta ta taɓa ta. Dattawa suka sunkuyar da kai, ni kuma na ji da ma ƙasa ta tsage in shige, don na gane abin da na yi: na maido mata da tashar Gwaram har ƙofar gidanta, a gaban maƙwabtanta. Ta ɗauki sandarta ta ce wa iska, to, na sa albarka, Allah ya tsare. Ta juya za ta koma ciki, kuma na san in ta shiga zauren nan ba mai sake fito da ita.

"Af! Inna, yi haƙuri, laifina ne. Waccan ba ita ce a layi ba. Ga mai lodi nan."

Ban ga lokacin da Malam Habu ya matso da ƙaramar ba. Ya buɗe ƙofar baya har ƙarshe, ya ja da baya taku uku, ya ɗaga kai yana duban hadari kamar ba abin da ya dame shi a duniya sai ko za a yi ruwa. Inna ta tsaya ta dubi motar. Sannan ta juya mata baya, ta zauna a bakin kujerar yadda ake zama a bakin gado, ta sa hannu biyu ta ɗauki ƙafar dama ta shigar, ta ɗauki ta hagu ta shigar, ta jawo sandarta, ta jawo ƙofa da kanta. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Malam Habu bai taɓa ta ba sai da Inna ta juya tana gyara mayafi, sannan ya dafa ta da gwiwa a hankali yana wucewa. Ni na shiga gaba. Muka je bakin gari muka juyo, sai da muka kusa gida Inna ta yi magana.

"Malam Habu, ita wannan yaushe take zuwa Birnin Kudu?"

"Duk wata, Inna. Ranar asibiti."

"To a riƙa tsayawa a nan."

Ta fara kwance bakin zaninta za ta biya, ya ce a'a, wannan layin goro ake biya. Ta ba shi goro, ya karɓa da hannu biyu.

Kada ku ɗauka daga nan na zama mutumin kirki. A hanyar komawa muka tsaya a Gwaram ƙarƙashin wata bishiya, na fara neman hanyar da zan samu Inna in kuma samu baƙar. Na tambayi Alhaji Nasiru ko mai walda zai iya ƙara mata matakala. Ya ce haba yallaɓai, motar haya ce, ko fenti ka karce sai ka yi bayani. Na ce to a riƙa yawo da 'yar kujera ta taka. Malam Habu ya ce da waɗannan ƙafafun, a kan kujera, a gaban mutane? Ai ko ta iya ba za ta yarda ba. Sai na huce a kansa.

"Kai ka ja mini! Ka mai da ni kwandasta a garinmu, a gaban waɗanda suka yi mini kaciya!"

"Manaja, ni ban yi ƙarya ba. Takardarka ce ta ce haya."

"Ka san hanyar Dingaya da damina. Wannan 'yar abar za ta kai mu?"

"Za mu kafe. Ba sau ɗaya ba ma. In mun kafe, ni da kai da mutanen hanya za mu tura. Ita kuwa in ta kafe a bakin mota, wa ta yarda ya taɓa ta?"

Ya ɓare goron da Inna ta ba shi ya jefa ɓari a baki.

"Ni direba ne, duk wadda ka ɗauka zan ja. Baƙar ma ta fi mini daɗin tuƙi, bayana ya sani."

Na fizgi biron daga hannun Alhaji Nasiru na sa hannu a takardar ƙaramar, da ƙarfin da sai da takardar ta ɗan yage. Shi kuwa sai kallona yake kamar wanda aka yi wa asiri. Mako guda ban yi wa Malam Habu magana ba in ba ta aiki ba, shi ko a jikinsa. Ranar da aka kawo motar mahaifiyarku ta leƙo ta ce, au, ita ce jif ɗin da aka hana mu barci a kanta? Da na ba ta labari sai ta shiga kicin ta yi dambun nama cike da kwano ta aika gidan Malam Habu, ni ko ɗanɗane ba ta ba ni ba.

Kuma maganarsa ta tabbata. Mun kafe a hanyar Dingaya, mun kafe a hanyar Farin Dutsen kanta, na tura motar nan da farar shadda har ta koma ja. Akwai ranar da muka makara wajen manoman riɗi saboda rafi ya hana mu, wani ɗan kasuwa ya riga mu ya kwashe kayan, na sha faɗa daga Kano a gaban na ƙasa da ni. In an kira taron manajoji, sai ka ga baƙaƙen nan jere kamar shanun sarki, tawa a ƙarshe, abokan aiki suna tambayata ko ta uwargida na aro. Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Mafi zafi shi ne a garinmu ba ni da bakin gyara zancen haya, don ranar da na ce motata ce, ranar Inna za ta daina shiga. Kuma tunda ta haya ce, ranar asibiti sai mu tarar da layi a ƙofar gida: mai ciwon ido, mai tari, mai tsohon ciki, kowa da goronsa. Malam Habu ya kafa doka, wannan layin na marasa lafiya ne, ba kaji ba awaki, kuma kujerar bayan direba ta Inna ce. Ni ina gaba, ina riƙe wa wannan kati, ina riƙe wa waccan kwano, tsofaffi suna ce mini yaro a tsaya a nan zan sauka. Da farko ina cika ina batsewa. Daga baya na lura Inna ta fi sakewa in motar ta cika, tana hira, tana tsokanar ƙawayenta, har dariya take yi, dariyar da ban taɓa ji ba sai daga bayan katanga. Sai na zama ni ne mai ɗokin ranar. Na sanar da ofis abin da nake yi da motar rana ɗaya a wata, suka ce tunda manomanmu ne ba laifi.

Shekara huɗu Inna ba ta tsallake ganin likita ko sau ɗaya ba. Kumburin ya sauka har ta koma sa takalmi ba tare da an yanke shi ba, ta ga auren ƙanwata ta ƙarshe, ta goya uku daga cikinku. A duk tsawon shekarun nan Malam Habu bai taɓa cewa ai na faɗa maka ba, bai taɓa ba wani labarin a matsayin dabararsa ba, kuma bai taɓa mantawa ya juya kai ya dubi sama in Inna za ta shiga ba. Na yi aiki da masu digiri, na zauna da manya, ban ga mai hankalinsa ba. Ni na je makaranta na koyi karanta takarda, shi kuwa mutane yake karantawa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da wa'adi ya zo cika, na rasa yadda zan gaya wa Inna za a mayar da motar. Na riga na nemi a sake ba ni irinta, an ce sai an duba. A tafiyarmu ta ƙarshe, muna dawowa daga asibiti da la'asar, sauran fasinjojin duk sun sauka a hanya, saura mu uku. Malam Habu ne ya ɗauke mini nauyin, kamar kullum.

"Inna, masu motar nan sun ce a mayar musu da abarsu. Amma layi ba zai mutu ba, wata za ta zo in sha Allahu."

Muka wuce wata gona. Ina kallon hanya, amma kunnena duk yana baya.

"Malam Habu."

"Na'am, Inna."

"Na shiga motar haya tun ina budurwa. Ban taɓa ganin wadda fasinjan gaba ke sauka ya tura ta a laka da farin kaya, ya dawo yana tambayar ko na baya sun jijjiga ba."

Malam Habu ya ƙara riƙe sitiyari, Inna ta ci gaba.

"Ka ce wa mutumin Kano na ga baƙar da ya bari. Tun ranar na gani, idona ba ƙafata ba ne. Ka ce masa Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa fiye da haka."

Tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba. Ban juya ba, don na san in na juya na ɓata mata abin da ta yi shekara huɗu tana tattalawa. Hawaye kawai ke zuba a gaban rigata, ni da ko a jana'izar mahaifina ban yi kuka a gaban mutane ba. Malam Habu ya rage gudu, ya juyo gare ni a natse, kamar ba a kunnena aka faɗa ba.

"Manaja, Inna ta ba ni saƙo in ba ka."

Ya maimaita mini shi tun daga farko har ƙarshe, bai rage ko kalma ɗaya ba, ita tana baya tana ji. Da ya gama na share fuska da hannun riga, na ce ya ce mata amin.